Mai Kwasar Shara a Cikin Wayoyin Maraɗi

A ƙarshen shekarar 2001 tsarin wayar salula na GSM ya fara aiki a Nijar, kuma ba a jima ba rezo ya iso Maraɗi. Celtel ce ta fara yin suna; ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Orange ma ta shigo a 2008, yau ga ta ta zama Zamani. 'Yan kasuwar hatsi ne suka fara lasar zumar abin. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi diddigin farashin hatsi a kasuwannin ƙasar a shekarun da ake ta kafa eriya, daga 2001 zuwa 2006, ta tarar tazarar farashi tsakanin wannan kasuwa da waccan ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta kai. Wannan labari an sha ba da shi. Akwai wani kuma da ya shigo shiru a cikin kwalin kowace waya: tsohuwar gardamar masu sana'ar rubuta manhaja, wadda ta girmi 'yancin kan Nijar da shekara guda.

Gardamar a kan ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura ce, wadda masu gyaran waya ke kira ram. Duk manhajar da ke gudana tana aron gurbi a cikinta, ta ajiye lamba ko hoto ko saƙo, in ta gama a maido gurbin don wani aikin. To, wa zai maido? A ɗauki misalin mai sayar da tuwo a tasha, mai kwano arba'in. Tana iya cewa duk wanda ya ci ya ɗauraye kwanonsa ya mayar da hannunsa. Ciniki ba zai tsaya ba, amma ɗan Adam ajizi ne: wani ya manta, kwanuka su yi ta raguwa har a rasa na zuba wa baƙo, wani kuma ya ɗauke kwanon da mai shi bai gama ci ba. Ko kuma ta ɗauki yarinya don wannan aikin kaɗai. Kowa ya ci ya tashi abinsa. In kwanuka sun ƙare sai a dakatar da zuba abinci, yarinya ta zagaya ta tattara waɗanda ba kowa a kansu, ta wanke. Ba mantuwa, ba ɗauke kwanon wani, sai dai ba wanda zai iya faɗin lokacin da za a ce a dakata, balle tsawon dakatawar. Hanya ta biyu ita masu sana'ar ke kira kwasar shara. Harsunan kwamfuta irin su Java da Python da Go da JavaScript duk da mai kwasar shararsu suke zuwa. Harshen C ba shi da shi.

John McCarthy, masanin lissafi a jami'ar MIT ta Amurka, shi ya ƙago dabarar a 1959 don harshensa na Lisp, a kan kwamfutar IBM 704 da ke cika ɗaki guda. A maƙalar da ya wallafa a 1960 bai ɓoye aibin abin ba. Ya ce ma'ajiyar tana farawa da gurbi 15,000, kwasar tana cin sakanni, kuma dabarar ba ta da riba sai in akwai rarar wuri. Matsaloli biyun da ake ta jayayya a kansu har yau, tsaikon ba-zata da cin wuri, suna nan a rubuce tun ranar farko.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda abin ya taɓa kunyata shi. An tara manyan masana'antu a MIT ana nuna musu Lisp yana aiki kai tsaye, ana haska takardar tafireta ta kwamfutar a allon talabijin. Lokaci ya riga ya ƙure, domin mai jawabin da ya gabata ya ci rabon wani. Ana tsaka da nuni sai gurabe suka ƙare, mai kwasar shara ya tashi. Tafireta, mai buga harafi goma a sakan, ta shiga sanar da jama'a cewa an kira mai kwasar shara, ta bi da jerin alƙaluma masu tsawo waɗanda ba wanda ya tambaye ta. Zauren ya kaure da dariya, lokacin nunin kuma ya tafi.

A wannan jami'ar dai, 'yan shekaru bayan haka, wata ƙungiya ta ɗauki ɗayar hanyar, domin ita kuskurenta rai yake ci. Kwamfutar kumbon Apollo tana da gurbin rubutu da gogewa 2,048 kacal. Masu manhajarta, waɗanda Margaret Hamilton ta zama jagorarsu, sun yanka wurin gida-gida tun kafin a tashi, kowane aiki da iya abin da zai samu. Ranar 20 ga Yuli 1969, ana daf da sauka a duniyar wata, ayyuka suka yi wa kwamfutar yawa, gidajen suka cika, ta buga gargaɗi mai lamba 1202. Ba ta tsaya neman wuri ba. Ta watsar da ƙananan ayyuka, ta sake farawa da muhimmai, kumbon ya sauka lafiya. Wannan ɗabi'a ta ƙidaya komai tun kafin tafiya ita ta zama al'adar masu rubuta manhajar ƙananan kwamfutocin da ake dasawa cikin kaya, kuma da Dennis Ritchie ya fito da harshen C a 1972, sai suka rungume shi.

Wayar farko da ta shiga aljihun mutanen Maraɗi 'yar wannan gida ce. A tsarin GSM eriya tana raba kowace hanyar rediyo tsakanin wayoyi takwas, bi da bi. Zagaye guda milisakan 4.615 ne (milisakan kashi ɗaya cikin dubu na sakan), rabon kowace waya kuwa kusan 0.577. Wadda ta makara ta faɗa cikin rabon maƙwabciyarta, kira biyu su lalace. Abin ya fi haka tsanani ma. Wayar mai shago da ke gindin eriya a unguwar Zariya da ta manomin da ke can cikin fadamar Jiratawa ba nisansu ɗaya ba, don haka eriya kan umarci ta nesa ta riƙa aiko saƙonta da ɗan wuri don ya iso a kan kari. Matakan gaggautawar 64 ne, kowanne daidai da tazarar mita 550 ko kusa da haka, kuma daga nan ne aka samo iyakar kilomita 35 da eriyar GSM ta asali ke iya kaiwa. Murya ita ma ana yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace milisakan 20. A irin wannan wuri tsaikon milisakan 100 ya isa ya haɗiye zagaye ashirin da wani abu. Shi ya sa ɓangaren rediyo na waya, tun daga Nokia 1100 mai tocila ta 2003, wadda aka sayar da fiye da miliyan 250 a duniya, har zuwa wayoyin Sin masu layi biyu da suka zo da ƙwayar MediaTek da ƙaramin tsarin Nucleus, da C da harshen inji aka rubuta shi.

Nan ne kan maganar yake, kuma nan masu gardama suka fi saɓa wa juna ba tare da sun lura ba. Mai kare kwasar shara yakan kawo matsakaicin gudu, ya nuna manhajarsa ba ta fi ta C nauyi da wani abin kirki ba, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Injiniyan na'urar da aka yanka wa wa'adi bai damu da matsakaici ba. Jinkiri mafi muni yake tambaya, wanda zai iya faruwa sau ɗaya cikin miliyan, kuma yana so a rubuta masa shi a takarda a sa hannu.

Masana ba su zauna ba. A 1978 Henry Baker ya nuna yadda za a riƙa kwasar kaɗan-kaɗan, duk sanda manhaja ta ari gurbi a ɗan share wani abu. A 1984 David Ungar ya gina tsarinsa a kan lura da cewa yawancin abin da manhaja ke ajiyewa ba ya daɗewa ake gamawa da shi, don haka a fi yawan duba sababbi, a ƙyale tsofaffi. Kamfanin Ericsson na Suwidin ya bi wata hanya daban. Harshen Erlang da Joe Armstrong da abokan aikinsa suka fara a 1986, don injinan haɗa kiran tarho, yana raba aiki zuwa dubban ƙananan ma'aikata, kowanne da 'yar ma'ajiyarsa da nasa mai shara, ta yadda tsayawar ɗaya ba ta tsayar da sauran. Da wannan harshe aka gina manyan kwamfutocin WhatsApp. Saƙon muryar da ke tashi daga Tibiri zuwa ɗan'uwa a Kano ko Agadas ta hannun masu kwasar shara yake bi, ba kuma wanda ya taɓa jin tsaikonsu, domin saƙon da ya makara da rabin sakan bai ɓata wa kowa rai ba.

Sai Java. James Gosling da ƙungiyarsa a kamfanin Sun sun fara shi a 1991 da nufin kayan lantarki na gida, aka fito da shi a 1995, amma takardar lasisinsa ta farko ta faɗa ƙarara cewa ba a yi shi don tuƙa jirgin sama ko tafiyar da tashar nukiliya ba. Duk da haka ya sami hanyar shiga waya. Wani ƙaramin nau'insa da aka tsara don na'urori masu ƙwaƙwalwar kilobayit 160 zuwa 512 ya bazu a wayoyin Nokia masu launi, kuma ta kansa ne samarin shekarun 2000 suka san wasannin da ake turawa ta Bluetooth, suka leƙa intanet da Opera Mini bayan fitowarsa a 2006. An killace shi a ɗakinsa. In wasa ya ɗan sandare, yaro ya yi tsaki ya ci gaba. Rediyon wayar na can gefe yana kiyaye milisakan ɗinsa.

Katin sim ya fi ba da mamaki. Da yawa daga cikin katunan da ake sayarwa a bakin titi kwamfutoci ne masu gudanar da Java Card, wanda ya samo asali a 1996 daga injiniyoyin kamfanin Schlumberger. Wurin ya yi ƙanƙanta har aka cire mai kwasar shara gaba ɗaya. Mai rubutu yana kama duk gurbin da yake buƙata ranar da aka ɗora manhajar, ya yi ta maimaita amfani da su har katin ya mutu. Sai a fitowar 2002 aka ƙara damar share abin da aka gama da shi, ita ma ba dole ba. Harshen Java ke nan da ɗabi'ar Apollo a cikin abin da bai kai farce biyu ba.

Android, da ya fito a 2008, shi ya kawo gardamar gaban idon kowa, domin a kansa kusan duk abin da mutum ke taɓawa a fuskar waya yana ƙarƙashin mai kwasar shara. Fuskar waya a lokacin tana sabunta hoto sau 60 a sakan, wato milisakan 16 da 'yan kai ga kowane hoto. A nau'o'in farko komai tsayawa yake yi cak in an tashi kwasa, sau da yawa fiye da milisakan 100, kuma ido yana ganin wannan sarai. Nau'in 2.3 na watan Disamba 2010 ya sa kwasar ta riƙa tafiya tare da aiki, tsaikon ya sauko ƙasa da milisakan biyar. An sauya injin gaba ɗaya a 2014, aka ƙara gyara shi a 2017.

Matsalar tsaiko ta yi sauƙi, ta wuri kuwa tana nan, kuma ita ta fi shafar mai saye a Maraɗi. A 2005 Matthew Hertz da Emery Berger suka auna ta. Sun tarar mai kwasar shara na kirki yana kamo hanyar hannu a gudu in an ba shi wuri ninki biyar na abin da aikin ke buƙata. Da ninki uku, nauyi ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Da ninki biyu, kusan kashi 70. Kamfanin Apple bai taɓa sa wa manhajojin iPhone irin wannan mai shara ba; ƙidaya yake yi ta masu riƙe da kowane gurbi, a sake shi da zarar na ƙarshe ya saki. Wannan na cikin dalilan da suka sa iPhone 6 ta 2014 ta wadatu da giga ɗaya na ram a shekarar da Galaxy S5 ke ɗauke da biyu.

A rumfar mai gyaran waya ake ganin sakamakon. Teburi ne cike da matattun wayoyi da aka fafe don kayan gyara, ga injin hura iska mai zafi, ga dalma, ga gilashin ƙara girma, ga kwamfutar yin filashin. Dattijo ya miƙo Itel ko Tecno ya ce, “Yaro, duba mini wannan, ta cika nauyi.” Tambayar farko ita ce, “Baba, giga nawa ce?” Yawanci amsar ɗaya ce ko biyu. Mai gyara zai goge bidiyoyin da suka taru daga zaurukan WhatsApp, ya cire manhajojin da jikoki suka ɗora, in abin ya ƙi ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai kwasar shara dukan laifin. Cikar ma'ajiyar hotuna da rahusar ƙwayar ajiya suna da nasu kason, watakila ma mafi girma. Amma in ram ya ƙure, kwasa tana yawaita, tana cin lokacin aiki da cajin batir, daga nan tsarin ya fara kashe manhajojin da ke baya don ya sami wuri. Mutum ya fita daga WhatsApp ya duba lamba, ya dawo ya tarar sai ta sake buɗewa daga farko. Google ya amsa wannan a 2017 da Android Go, don wayoyi masu giga ɗaya ko ƙasa, irin waɗanda kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel, ya cika kasuwannin Afirka da su.

Motocin da suka shafe shekaru a baya suna ratsa Maraɗi daga tashar ruwan Kwatano zuwa iyakar Najeriya suna ɗauke da ɗaya ɓangaren gardamar. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana kammala juyi guda cikin milisakan 20, kuma dole ƙwaƙwalwar motar ta saki wuta a filogi daidai wani kusurwa na wannan juyi. Ƙa'idojin MISRA da masana'antar motoci ta Ingila ta fitar a 1998 sun hana aron gurbi ana cikin tafiya kwata-kwata, ko da hannu ne, balle a kai ga mai shara. Gerard Holzmann na cibiyar JPL ta hukumar NASA ya sa irin wannan hani cikin dokokinsa goma na 2006.

Wannan bai nuna kwasar shara ba ta yiwuwa a na'urar da aka yanka wa wa'adi ba. A 2003 David Bacon da abokan aikinsa a IBM suka fito da Metronome, mai kwasar shara da ke aiki da agogo: ya karɓi ɗan guntun lokaci ƙayyadadde, ya saki, ya sake karɓa, ta yadda za a iya yi wa manhaja alkawarin kaso sananne na kowane ɗan taƙi. An yi amfani da shi a tsarin jiragen ruwan yaƙin Amurka samfurin Zumwalt. Kuɗinsa shi ne rarar ƙwaƙwalwa da rarar ƙarfin inji, abu biyun da jirgin yaƙi ke da su, na'urar jikka biyu kuwa ba ta da su. Hanyar hannu ma ba kyauta ba ce. Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa kowace shekara daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwa suke, kuma masu Chrome sun faɗi kusan wannan adadi a 2020. Wannan ciwo ne ya buɗe wa harshen Rust kasuwa bayan fitowarsa a 2015: yana tantance mai kowane gurbi tun lokacin rubutu, ya ƙi haɗa manhajar in lissafin bai daidaita ba. Android ya fara karɓarsa a ƙananan sassansa a 2021.

Yanzu gardamar ta sauko gona. Filin noman rani na Jiratawa, da aka shimfiɗa a kwarin Gulbin Maraɗi a farkon shekarun 1980, da famfunan rijiyoyin burtsatse yake rayuwa, kuma famfo na cikin abubuwan da ake ta ƙoƙarin haɗawa da waya a Nijar. Abdou Maman Kané, ɗan ƙasar, ya ƙera tsarin ban ruwa da manomi ke kunnawa da kashewa ta salula daga nesa, wanda ya ci masa babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke son haɗa irin wannan akwati yau yana da zaɓin da na gabansa ba su samu ba. Allon Arduino Uno na asali yana da kilobayit biyu na ram, ba wurin mai shara, sai C da ɗan'uwansa C++. Amma ESP32 na 2016 yana da kilobayit 520, Raspberry Pi Pico na 2021 yana da 264 a kan dalar Amurka huɗu, kuma dukansu suna ɗaukar MicroPython, wanda Damien George ya fara a 2013, da mai kwasar shararsa a ciki.

Ga aikin karanta damshin ƙasa, karɓar saƙo, da buɗe bakin bututu, wannan ya isa har da rara. Zogale bai san an makara da milisakan goma ba, ɗalibin kuma zai gama cikin mako abin da zai ci masa wata a C, da ƙarancin kurakuran da ke sa akwati ya sandare bayan kwana arba'in a rana. Cikin injin da ke juya wutar faifan sola ta zama wadda famfo ke sha, lissafin daban ne: makunnai na buɗewa da rufewa sau dubbai a sakan, kuma kuskuren lokaci yana iya ƙona su. MicroPython da kansa ya ja wannan layi. A cikin ɗan aikin gaggawa da na'ura ke katse komai don ta yi, ya hana aron sabon gurbi. Wanda ya gwada, saƙon kuskure zai gani. Abin da ake koya wa mai rubutu shi ne ya kama gurabensa tun farko, ya kira mai shara da kansa a lokacin da ya san ba abin da ke jira, sassan da ba su jure jinkiri kuma ya miƙa su ga agogon cikin ƙwayar ko ga 'yan layukan C.